MAI UWA A GINDIN MURHU

Jama'a, akwai wata magana da ta tashi cikin watan Oktoba na 2025, har yau kuwa ƙurarta ba ta gama kwantawa ba. Duk inda mutum uku suka zauna, ko a rumfar babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko a dakalin Badariya bayan sallar lisha, ko a bakin gulbi can Argungu, in aka ambaci sunan Maryam Sanda sai a rabu biyu. Waɗansu su ce a rataye ta, waɗansu su ce a bar ta ta ga girman 'ya'yanta. 'Yan jam'iyya da yawa sun zo ofis suna tambaya, mu ina muka tsaya? To, ga amsarmu. Amma bari mu fara jera abin da ya faru, gama yawancin masu gardamar wutsiyar labarin suka kama, ba su ji kansa ba.

Cikin watan Nuwamba na 2017 Bilyaminu Bello ya mutu a Abuja da raunukan suka a jikinsa. Ɗan gidan Dakta Bello Haliru Muhammad ne, Dangaladiman Gwandu, tsohon Ministan Tsaro, watau jinin nan da aka zubar na ƙasarmu ne. Aka kama matarsa, Maryam Sanda. Ita ta ce suna cikin faɗa ne ya faɗa kan fasasshiyar kwalba. Kotu ba ta yarda ba. Ran 27 ga Janairu 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Abuja ya same ta da laifin kisan kai, ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya. Ta ɗaukaka ƙara, cikin Disamba na wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukuncin yana nan daram. Ta wuce Kotun Ƙoli.

Ana jiran Kotun Ƙoli ke nan, sai cikin Oktoba 2025 fadar Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ta fitar da sunayen mutum 175 da aka yi wa afuwa ko sassauci. Ga sunan Maryam a ciki. Aka ce ta yi shekara 6 da wata 8 a gidan yarin Suleja, ta nuna nadama da kyawun hali, danginta kuma sun roƙa saboda 'ya'yanta biyu. Ƙasa ta ɗauka. Dangaladima ya fitar da takarda da sunan dangi, ya ce an sabunta musu ciwo, an mayar da ran ɗansu kamar ba rai ba. Kwana kaɗan bayan wannan, mahaifin da ya haifi Bilyaminu ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ya yafe, shi ma yana cikin masu roƙon a sake ta. Da hayaniya ta yi yawa, ran 29 ga Oktoba aka sake duba takardar, aka cire sunaye da dama, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. Sa'an nan ran 12 ga Disamba 2025 Kotun Ƙoli ta zauna, alƙalai huɗu cikin biyar suka tabbatar da hukuncin kisa, suka kuma ce bai kamata masu mulki su yi afuwa kan shari'ar kisa ba alhali ƙara tana gaban kotu.

Ku duba wannan kwamacala. Cikin wata biyu da 'yan kwanaki an ce da mace ɗaya je ki gida, an ce da ita zauna shekara 12, an ce da ita igiya. Dangin mamaci ba su huta ba, dangin mai laifi ba su huta ba, yara biyu suna tsakiya. Ko a awon hatsi aka yi wa mutum haka, a auna a zube a sake aunawa har sau uku, ai sai ya ɗauki buhunsa ya bar rumfar.

Masu cewa a zartar da hukunci suna da hujja, ba za mu raina ta ba. Sun ce rai rai ne. Kotu uku sun duba, duka sun ce ta yi. In an saki wadda ta kashe mijinta don tana da 'ya'ya, to, shi mamacin ba uban 'ya'yan ba ne? Wa ya mayar da su marayu? Suka ce kuma in kisa ya zama abin da ake wankewa da 'yan shekaru, gobe kowane mai zafin zuciya, namiji ko mace, zai ɗauki wuƙa da ƙarfin gwiwa. Wanda bai taɓa wanke gawar ɗansa ba kada ya yi saurin ce musu masu taurin zuciya.

Masu cewa a yi sassauci su ma suna da tasu. Sun ce yaran sun rasa uba, rataye uwarsu ba zai tashe shi ba, sai dai ya ƙara musu kabari na biyu. Sun ce uban mamaci ya yafe. Sun ce kuma igiya ba ta da gyara. Wannan ta ƙarshe gaskiya ce, shaidarta ma tana cikin takardar nan ta mutum 175. A cikinta an yafe wa Janar Mamman Vatsa da aka harbe a 1986, an yafe wa Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas da aka rataye a 1995. Afuwar ta zo, amma a kabari ta same su. A Ingila ma an rataye wani talaka mai suna Timothy Evans a 1950, daga baya ta bayyana maƙwabcinsa ne mai kashe mutane a gidan, sai a 1966 aka yafe wa gawa. Irin wannan na cikin abin da ya sa Turawan da suka kawo mana igiya su da kansu suka daina rataya kan laifin kisan kai tun 1965.

To, mu me muka ce? Mun ce jam'iyyarmu ba ta neman jinin kowa. Ba za ku ji mu muna buga ganga don a rataye 'yar mutane ba. Amma kuma ba za mu tafa wa afuwar nan ba, domin abin da ya dame mu ya wuce Maryam. Tambayarmu ita ce, ta wace ƙofa sunanta ya shiga takardar, kuma ƙofar nan a buɗe take ga ɗan mai sayar da daddawa?

Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ba mu ce an ba da ko anini ba, ba mu da shaidar haka, ba ma kuwa faɗin abin da ba mu da shaida. Abin da kowa ya sani ya isa. Gidan da ta fito na masu hali ne, gidan da ta yi aure na manya ne. Akwai lauyoyin da suka kai ƙararta har Kotun Ƙoli. Akwai wanda ya iya rubuta takardar roƙo, ya san ofishin da ake kai ta, ya san ranar da kwamiti ke zama. Su ma dangin mamaci, da suka ƙi, suna da murya, jaridu suka buga, fadar Shugaban Ƙasa ta ji, ta ja da baya. Watau manya ne suka roƙa, manya ne suka ƙi, aka saurari kowa. Yanzu ku sa masunci daga Argungu a wurin mai laifin, ku sa ɗan manomin shinkafa a wurin mamacin. Wa zai roƙa? Wa zai ƙi? Wa zai ji?

Hukumar gidajen yari da bakinta ta faɗa a 2025 cewa mutanen da ke jiran kisa a Nijeriya sun haura 3,500. Tun Disamba 2016, da aka rataye mutum 3 a Binin ta Jihar Edo, ba a sake jin an zartar wa kowa ba, domin gwamnoni ba su son sa hannu. Ba su sa hannun kisa ba, ba su sa na sassauci ba. Mutum ya kwana ya tashi shekara goma, shekara ashirin, in ya ji motsin makulli da asuba gabansa ya faɗi. Ban da waɗannan kuma, kusan kashi biyu cikin uku na duk mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Cikinsu akwai waɗanda zaman jiran ya fi ɗaurin da za a yi musu in da an same su da laifi.

Kada wani ya ce ai ana yafe wa talakawa ma. Ana yi, amma ku dubi yadda ake yi. A Jihar Osun an kama Segun Olowookere a 2010 yana ɗan shekara 17, kan fashin da abin da aka ɗauka a ciki kaji ne. A 2014 aka yanke masa kisa. Ya zauna shekara goma ƙarƙashin inuwar igiya, sai da iyayensa suka fito suna kuka duniya ta gani ta intanet, sa'an nan Gwamna Adeleke ya yafe masa cikin Disamba 2024. A Adamawa ga Sunday Jackson, manomi, wanda ya ce makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soke shi. Aka yanke masa kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar cikin Maris 2025. Uban mamacin ya ce ya yafe. Duk da haka sai da maganar ta ƙetare teku, har wani ɗan majalisar Amurka ya sa baki, kana Gwamna Fintiri ya sake shi cikin Disamba 2025, bayan ya share kimanin shekara 10 a tsare. Mun yi murna da fitar su biyun. Amma darasin a fili yake: afuwa a ƙasar nan tana bin mai gata, in babu gata tana bin mai ƙarar da ta cika duniya. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai dai ya ruɓe.

Kwanan baya wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta zo ofishinmu na Badariya. Ɗanta yana tsare shekaru kan wani faɗa da aka yi asarar rai a ciki. Ba ta zo ta ce ɗanta bai yi kome ba. Abin da ta tambaya kaɗai shi ne, "Malam, ita takardar roƙon nan da ake faɗi a rediyo, a ina ake sayenta, nawa ne kuma?" Muka ce, "Inna, ba sayenta ake yi ba." Ta ce, "To, in ba a saye, don me ban taɓa ganin wanda ya samu ba?" Wallahi ba mu sami abin ce mata ba.

'Yan kasuwa, ku kun fi kowa sanin wannan. Ba wanda kuka fi ƙi kamar mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami mai bugaggen gindi na sayarwa. Ko da kowane mudun ya cika har ya yi tozo, zalunci ne, domin ba ɗaya ba ne. Haka afuwa take. Ko da Maryam ta cancanci sassauci, in mudun da aka auna mata ba shi za a auna wa ɗan tsohuwar nan ba, an yi zalunci.

Akwai kuma maganar masu jini, wadda ta fi kowace rikitar da mutane. Waɗansu na cewa tun da uba ya yafe magana ta ƙare. Waɗansu na cewa tun da gidan da ya rene shi bai yafe ba, babu mai ikon yafewa. A shari'ar Musulunci lalle haƙƙin jini na magada ne: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. A mazhabar Malikiyya ko sun yafe, hukuma tana yi wa mai kisan ganganci bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Amma Maryam ba a kotun shari'ar Musulunci aka yi mata hukunci ba. Da dokar Final Kod aka yi, sashe na 221, a wannan doka kuwa jini na Gwamnati ne. Yafewar uba ba ta kwance hukunci, ƙin dangi ba ya ɗaure hannun Shugaban Ƙasa.

Yadda aka yi jini ya bar hannun magada ya koma hannun Gwamnati, labarin daga nan ƙasar Gwandu ya faro, ya kamata yaranmu su sani. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa don ya kashe kwarton matarsa. Aka ɗaukaka ƙara har kotun Turawa ta Afirka ta Yamma. Ita kuwa ta soke hukuncin, ta ce a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa cikin zafin rai ba a kashe shi. Sarakuna da alƙalai suka ce an taka shari'a. Aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara goma, har a 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka yi Final Kod, ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe samun mulkin kai. Amma ko mutanen wancan zamani ba su yar da magada a kwandon shara ba. Dokar bin shari'a da aka yi tare da ita ta umurci kotunan En'e su tambayi dangin mamaci abin da suke so, a rubuta, domin masu ba Gwamna shawara kan afuwa su gani. Abin da aka gane tun 1960, yaya aka yi ya ɓace wa masu mulki a 2025, har dangin da suka binne mamaci suka fito suna kukan ba a san da su ba?

Tsarin mulki na 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, bayan ya shawarci Majalisar Ƙasa. Ya ba kowane gwamna irin wannan iko a sashe na 212 kan laifuffukan dokar jiharsa. Ba mu ce a ƙwace wannan iko ba. Alƙali mutum ne, shaidu mutane ne, ɗan sanda mai rubuta bayani mutum ne, kowannensu yana kuskure, wani ma yana ganganci. Dole a bar wata ƙofa ta ƙarshe. Amma ikon nan amana ce ta jama'a, ba goron sallah ba ne da mai mulki zai miƙa wa wanda ya ga dama. Saboda haka ga abin da muke nema, daga Abuja har gidan Gwamnati na Birnin Kebbi.

Na ɗaya, kada a taɓa maganar afuwa sai shari'a ta ƙare sarai. A bar alƙalai su gama nasu, sa'an nan mai mulki ya yi nasa. Da an bi wannan, da ba a ga abin kunyar da aka gani tsakanin Oktoba da Disamba ba.

Na biyu, a kan kowane laifin kisa a kira magadan mamaci, na kusa da na nesa, a ji bakinsu, a rubuta. In sun rabu biyu kamar yadda aka gani a nan, a rubuta duka biyun. Ba lalle ne a bi abin da suka ce ba, amma wulaƙanci ne a yi ciniki kan jinin ɗan mutum ba a ko yi masa sallama ba.

Na uku, a buga ƙa'idodin afuwa da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowace kotu da kowane gidan yari. Shekara nawa mutum zai yi kafin a duba shi? Wa ake rubuta wa? In an yafe wa wani a faɗi dalili, in an hana wani a faɗi dalili.

Na huɗu, kada a jira sai an roƙa. Kwamitin afuwa na jiha ya tashi da ƙafarsa ya shiga gidajen yarin Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Zuru, ya ɗauki sunan kowane mai jiran kisa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi daɗewa shi ne farko. Mai lauya da marar lauya su hau layi guda.

Na biyar, akwai doka tun 2019, ta hukumar gidajen gyaran hali, wadda ta ce in mutum ya gama ɗaukaka ƙara, ya kuma yi shekara 10 ba a zartar masa da kisa ba, Babban Joji yana iya mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Doka ce rubutacciya, ba alfarma ba. A yi aiki da ita.

Game da ita Maryam kuwa, ra'ayinmu gajere ne. Kotu ta ce ta yi kisa, mun karɓa. Sakinta bayan shekara shida da 'yan watanni ya yi wa ran mutum araha ƙwarai. Rataye ta kuma ba zai ƙara wa kowa kome ba sai maraici. In za a sassauta mata, a sassauta a fili, bisa ƙa'idar da za a iya karanta wa kowa, ranar da aka auna mata kuwa a auna wa sauran dubu uku da ɗari biyar da wannan mudun.

Saura aikinmu, 'yan'uwa. Kada mu tsaya ga gardamar dakali. Kowane sakataren reshe, daga Badariya har ƙauyukan fadama, ya bi unguwarsa gida gida. Duk wanda ke da ɗa ko miji ko ƙane a tsare, ko mai jiran shari'a ne ko wanda aka yanke wa hukunci, a rubuta sunansa, da kotun da ta tsare shi, da shekarar da aka kama shi. Haka kuma duk gidan da aka kashe musu wani, shari'a ta kwanta ba labari, su ma a rubuta, gama su ma talakawa ne, su ma an danne musu haƙƙi. Mata 'yan kasuwa su taimaka, su suka fi sanin gidan da ake kuka a ɓoye. A kawo takardun ofis. Mu za mu rubuta roƙon kyauta, mu kai inda ake kaiwa, mu buga a wannan shafi ranar da muka kai da amsar da aka ba mu. In ba a ba mu amsa ba, wannan ma za mu buga.

Wanda ya ce wannan ba ruwansa, ya tuna faɗa a kan iyakar gona ko a bakin rumfa ba ya sallama kafin ya zo. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Talaka ba shi da uwa a gindin murhu, sai 'yan'uwansa talakawa.

Allah ya jiƙan Bilyaminu, ya raya abin da ya bari, ya ba masu mulkinmu tsoron ranar da su ma za su nemi afuwa. Amin.